In An Ce Maka Birenbos Ne: Yadda Ake Tabbatarwa da Yadda Ake Canzawa

A garejojin Kano, in wutar mota ta rikice har ta gagari mai wayarin, hukuncin da ake yankewa kusan ɗaya ne: "Alhaji, birenbos ne fa." Wato akwatin kwamfutar motar. Kafin ka buɗe baki an sa tsohon a leda, an ɗora yaro a Adaidaita Sahu zuwa Kofar Ruwa. Wani lokaci gaskiya ne, akwatin ya mutu. Amma sau da yawa lafiyarsa ƙalau: wuta ce ba ta isa gare shi, ko ɓera ya ci waya, ko wata 'yar sensa ce ta haɗe ta janye masa wuta. Ko ya mutu ɗin ma, ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba. Wani abu ne ya kashe shi, kuma abin yana nan a jikin motar yana jiran wanda za ka sayo. Kwance tsoho a ɗaura sabo aikin rabin awa ne. Wahalar tana gabansa da bayansa, kuma a nan kuɗin mutane ke zurarewa.

Ba sai kai ne za ka riƙe sifana ba. Ko mai wayarin za ka ba aikin, in ka san abin da ya kamata a fara da shi da abin da ke biye, za ka rarrabe gwani da mai lalube.

Wane akwati ma ake magana?

Motar da ta wuce zamanin kafireto ba akwati ɗaya gare ta ba. Akwai na inji, mai lissafin man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. In shi ne ba lafiya, kik zai yi ta juyawa mota ta ƙi tashi, ko ta riƙa mutuwa a tsakiyar titi, ko fulogi ɗaya ya daina samun wuta duk da an canza kwayil. Akwai na bodi, mai kula da fitilu, sigina, waifa, hon, gilasai da makullan ƙofa. Nasa ciwon ya fi ban haushi: waifa ta kama aiki da rana tsaka babu ko ɗigon ruwa, ƙofofi su riƙa kulle kansu suna buɗewa, fitilar ciki ta ƙi mutuwa, ka kwanta da batir cike ka wayi gari ko hon ba ya yi. A Peugeot irin su 307 da 406 na ƙarshe-ƙarshe sunansa BSI. A Honda da yawa yana haɗe da akwatin fiyus na ƙarƙashin sitiyari, ana ce masa MICU, a Mercedes kuwa SAM. Sai na giya, wanda a wasu motocin yake gida ɗaya da na inji, da na birkin ABS, da na jakar iska.

A motocin baya-bayan nan duk suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare. Wannan ke ruɗar mutane, domin in ɗaya ya lalace yakan toshe wa sauran baki, dashbod ta cika da fitilu, a je a kama wanda bai ji ba bai gani ba.

Fara da batir

Kada a taɓa akwatin kowa sai an gama da batir. Samu mita, irin 'yar dijital ɗin nan da ake sayarwa a shagunan kayan wuta na Sabon Gari, ka juya ta zuwa bolt 20 na wutar batir. Mota a kashe, ta ɗan huta, batir mai lafiya zai nuna wajen 12.6. In ka ga 12.2, rabinsa ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa, kai shi caji tukuna, don duk gwajin da za a yi a kansa ƙarya zai faɗa maka. Sa wani ya murɗa makulli kana kallon mita. In ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin da kik ke juyawa, batirin ya gaji, kuma akwatunan mota sukan ruɗe ko su ɗauke a irin wannan faɗuwar. In motar tana tashi, auna inji na aiki: tsakanin 13.5 da 14.7 shi ne daidai. In ya haura 15, altaneta na tura wuta fiye da kima, ka kama ɗaya daga cikin masu kisan ke nan.

A nan zan roƙe ka abu ɗaya. Kada ka bari kowa ya cire kan batir inji na aiki wai don a ga ko altaneta na caji. Gwajin zamanin Peugeot 504 ne, lokacin da babu abin ƙonewa sai kwan fitila. Batir shi ke shanye tsallen da wuta ke yi. Da an zare shi, wutar altaneta takan yi sama nan take ta daki duk akwatin da ke jikin motar. Mita za ta ba ka wannan amsar ba tare da ka yi caca da komai ba.

Duba kan batir ɗin kansa. Wanda ya yi farin gari, ko wanda ya saki aka buga masa ƙusa don ya kama, duk suna tauye wuta. Bi baƙar wayar zuwa inda aka ɗaure ta a bodi, sannan ka nemi wadda ta haɗa inji da bodi, wato wayar as. Motar da aka taɓa sauke injinta, ko ta fito daga wajen fenti, sau da yawa za ka tarar an manta wata tana lilo, ko an ɗaure ta a kan fenti. Gwajinta mai sauƙi ne: baƙin tsinken mita a kan nagetib na batir, jan a jikin ƙarfen inji, a murɗa kik. Bai kamata ta wuce wajen bolt 0.3 ba.

Sai fiyus da rile. Ido na yaudara, don haka a taɓa ƙafafun kowane fiyus biyu da mita, makulli a kunne. A Toyota ka nemi masu rubutun EFI da IGN. Tsofaffin Honda na shekarun 1990 sun yi suna da babban rile ɗinsu na PGM-FI, wanda dalmarsa ke tsagewa: da sanyin safiya mota ta tashi lafiya lau, ta sha ranar Afrilu a bakin kasuwa ta ce ba ta san zance ba. An sha sayen birenbos saboda wannan ɗan rilen. In kuma ka ci karo da fiyus ɗin da aka naɗe da silin waya, riƙe shi a ranka, za mu dawo kansa.

A sa mata kwamfuta, amma a karanta da hankali

Tun kafin sikanin akwai alama ta kyauta. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar. A yawancin motoci, in fitilar cek, wato ta gargaɗin inji, ta kama, akwatin inji na samun wuta kuma ya farka. In ba ta kama ba, ko babu wuta a wajensa, ko ya mutu, ko kuma wani ya toshe fitilar tun kafin a sayar maka da motar, abin da ba baƙo ba ne a motocin hannu.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu shan fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket mai rami 16, galibi a ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. Nan ake jona na'urar sikanin. 'Yar ƙaramar nan ta ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu tana da amfaninta, amma galibi akwatin inji kawai take ji. Matsalar bodi sai babbar na'ura irin Launch ko Autel, ko manhajar kamfanin motar: Techstream ga Toyota, HDS ga Honda, Diagbox ga Peugeot. Ka ce a leƙa dukkan akwatunan, kuma ka ɗauki hoton lambobin da wayarka kafin a goge. Wasu masu sikanin da sun ga lamba hannunsu na kan gogewa. Fitila ta mutu, ka biya ka tafi, shaida ta ɓace.

Harafin farko na lambar shi ke nuna sashe: P inji da giya, B bodi, C birki da ƙafa, U kuma maganar da ke tsakanin akwatuna. U0100 na nufin sauran sun daina jin akwatin inji, U0140 sun daina jin na bodi. Lura fa, sun daina ji aka ce, ba a ce ya mutu ba. Wanda aka yanke wa wuta ma shiru zai yi. P0562 wuta ta yi ƙasa, P0563 ta yi sama, duka biyu batir da altaneta suke nuna maka. Waɗanda suka fi kusa da tuhumar akwatin kansa su ne irin P0601 da P0606. Su ma batir mai rauni kan jawo su, don haka a gyara wuta, a goge, a ga ko za su dawo.

Gwaji a bakin soket

Yanzu aka zo inda ake gane gwani. Ana buƙatar zanen wayarin na ainihin motar, da shekararta da injinta, don a san wace ƙafa ce ta wuta wace ce ta as a soket ɗin akwatin. Mai wayarin da ya ce launin waya ya ishe shi, ka yi hattara da shi. A zare soket, a auna ƙafafun wuta ɗaya bayan ɗaya: akwai mai wuta kullum, akwai wadda sai an kunna makulli, akwai wadda sai akwatin ya ja rile, zanen zai nuna. Mita kaɗai ba ta isa ba, domin wayar da ta ruɓe saura sili ɗaya za ta nuna 12 cif, amma da an ɗora mata nauyi sai ta zube. Don haka a jona kwan fitila irin na birki tsakanin ƙafar wuta da ta as. Ya haska tar, layin lafiya yake. Ya yi ja dishi-dishi, akwai ruɓa a hanya. Wannan kwan na layin wuta ne kawai, kuma akwati a zare. Kada a kai shi kusa da wayoyin sensa, balle masu rawayen soket na jakar iska. Kada kuma a cusa tsinken mita da ƙarfi cikin ramin soket. In ramin ya buɗe, an haifi sabuwar matsala da za ta riƙa zuwa tana tafiya.

Gwaji na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa. Akwatin inji yana ba wasu sensa wutar bolt 5, kamar ta totul da ta matsin gas ɗin AC. In ɗaya ta haɗe a cikinta, sai ta janye wannan wutar gaba ɗaya, akwatin ya yi tsit, wani lokaci ko na'urar sikanin ba zai amsa wa ba. A mayar da soket, a kunna makulli, a auna bolt 5 ɗin a bakin wata sensa. In babu, a riƙa zare su ɗaya-ɗaya. Wadda aka zare wuta ta dawo, ita ce mai laifi, kuma kuɗinta bai kama ƙafar na birenbos ba.

Su kuma wayoyin maganar nan biyu, a motocin Amurka daga 2008 suna fitowa a rami na 6 da na 14 na soket ɗin sikanin. A cire batir, a juya mita zuwa om, a auna tsakaninsu. A yawancin motoci wajen 60 za ka gani. In ta nuna 120, layin ya yanke a wani wuri ko wani akwati ya fita daga ciki. In ta yi kusa da sifili, wayoyin sun haɗe.

In wuta na zuwa, as lafiya, layin magana lafiya, babu sensar da ke janye wuta, akwatin kuma ya ƙi amsawa ko ya ƙi aika umarni inda ya kamata, to yanzu ne aka samu hujjar cewa shi ne.

Me ya kashe shi?

Ruwa ne kan gaba a garin nan. A Yuli da Agusta, wanda ya kutsa cikin ruwan da ya kwanta a titi har kafet ta jiƙe, ba lalle ya ga matsala ranar ba. Sai bayan makonni, lokacin da kore-kore ya gama cin ƙafafun soket. Akwai wankin inji da ruwa mai ƙarfi, a motocin da akwatinsu ke cikin bonet. Akwai kuma wanda mutane ba sa kawowa a ransu: inuwar darbejiya. Kullum ka ajiye mota a ƙarƙashinta, ganye da 'ya'yanta suna zuba cikin ramin da ke gindin gilashin gaba, inda waifa take. Ƙurar hunturu ta sauka a kai, ruwan farko ya kwaɓa su su zama laka, magudanar ta toshe. Daga nan ruwa sai ya nemi hanya ta cikin dashbod, ya riƙa ɗiga a kan akwatin fiyus ko birenbos. Ɗaga robar wurin ka sa hannu, za ka ga abin mamaki. Bututun ruwan AC in ya toshe, da gilashin gaba da aka canza ba a sa masa gam sosai ba, duk aikinsu ɗaya. Ɗaga kafet ta gefen mai zaman banza ka taɓa soson ƙasa. Sama kan bushe ƙasa na jiƙe.

Bayan ruwa sai hannun mutane. Jona batir a juye cikin duhu, ja a kan baƙi, ƙiftawar ido ta isa. Jona ƙaramar mota da babbar mota mai bolt 24. Kai salansa wajen mai walda ba a cire batir ba. Sai kayan ƙari, irin su na'urar bin sawun mota, ƙararrawar ɓarayi, manyan sifiku da fitilu masu kashe ido, waɗanda aka yanki wayar akwatin bodi aka liƙa su a kai. Sai kwayil ko nozul da ya haɗe a ciki ya ƙone ƙafar da ke tuƙa shi. Nozul na yawancin injinan fetur yana nuna om 11 zuwa 16. Wanda ya yi ƙasa sosai da 'yan'uwansa, a cire shi. Shi kuma fiyus ɗin nan mai silin waya, ai ba don nishaɗi ya ƙone ba tun farko. Wani abu ne a layinsa ke jan wuta fiye da kima, da aka hana fiyus ƙonewa sai akwati ya ƙone a madadinsa. Ɗaura sabo ba a gano wannan ba, ɗibar ruwa ce da kwando.

Akwai dai waɗanda daga kamfani suka zo da lalurarsu. A 2010 Toyota ta yi kiranyen Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya a Amurka saboda tsagewa a fanel ɗin akwatin inji, kuma irin waɗannan Corolla sun cika titunanmu.

Wani zai ce a aro na motar aboki a gwada. In ka sa lafiyayyen akwatinsa a motar da ba a san makashinta ba, kana iya wayar gari da bashin birenbos biyu da zumunci ɗaya da ya lalace. A Peugeot ma akwai ƙarin tarko: BSI da agogon dashbod duk suna riƙe da lissafin kilomita, in aka haɗa su sukan ɗauki lambar da ta fi yawa, kuma ba ta komawa.

Kafin ka tafi kasuwa, a buɗe tsohon a duba. Wanda aka juya wa batir, ko ƙafa ɗaya ta ƙone, ko tsofaffin kafasita suka yi yoyo kamar yadda aka sani a Toyota na shekarun 1990, mai gyaran fanel da ya saba da na mota zai iya ta da shi, kuma ka huta da batun haɗa akwati da makulli, wanda za mu zo kansa, tunda bayanan motarka suna cikinsa. Wanda ruwa ya kwana a ciki kuwa, ni ban yarda da gyaransa ba. Yau ya yi, wata mai zuwa ya tsaya maka a hanyar Zariya.

A kasuwa

Sunan mota da shekararta ba su isa ba. Lambar da ke kan takardar jikin akwatin ita ce abin bi, harafi da harafi. Na injin Toyota yana farawa da 89661, na Honda da 37820, amma abin da ke biye shi ne ke rarrabe otomatik da manuwal, girman inji, 'yar Amurka da 'yar Turai ko Dubai, mai tsaron makulli da marar shi. Soket ya shiga ba hujja ba ce. Tafi da tsohon, da hoton lambar shasi mai harafi da lamba 17. In tsohon ba shi ne na asalin motar ba, a nemo lambar daidai ta hanyar lambar shasin.

Yawancin abin da za ka samu ɗan Beljiyam ne, wanda aka kwance daga wata motar, kuma wannan ba aibu ba ne. Sau da yawa ya fi sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba. Juya shi a hannunka. Kan sukurorin ya ci, ko gam ɗin gefen ya nuna an taɓa ɓamɓare shi? An buɗe ke nan. Haska ƙafafun da tocilan: babu lanƙwasa, babu kore, babu farin tabon ruwa. Shinshina bakin soket ɗin, warin ƙuna ba ya ɓuya. Sannan ku yi maganar dawowa kafin kuɗi su bar hannunka.

"Oga, in bai yi ba zan dawo da shi?"

"Alhaji, kayan wuta ne, ba ma karɓa."

Yana da hujjarsa, don an sha ƙone masa kaya a motar da ba a gyara ba a dawo masa da gawa. Mafita ita ce ka ce ya haɗa ka da yaronsa a gwada a gabansa, ko ku yi yarjejeniyar kwanaki, ya sa alamarsa da alƙalamin maka a jikin akwatin, a rubuta lambar a rasit. A motocin da akwatunansu ke ɗaure da juna, irin Peugeot, sau da yawa sayen saiti ya fi sauƙi: na inji, da BSI, da ƙwayar makulli, duk daga mota ɗaya.

Kwancewa da ɗaurawa

In rediyonka mai neman lambar sirri ne, kamar na Honda Accord 2003 zuwa 2007, nemo lambar tukuna. Sauke gilashin direba, don wasu motocin sukan kulle kansu da an mayar da batir. Kashe komai, zare makulli ka sa a aljihu, rufe ƙofofi, ka ba motar minti uku zuwa biyar akwatunan su yi barci. Peugeot musamman ba ta son a yanke mata wuta ba shiri. Cire kan nagetib da sifana lamba 10, ka kauda shi inda ba zai dawo ya taɓa ba, ka ƙara jiran minti uku saboda ragowar wutar jakar iska.

Akwatin inji na Corolla 2003 zuwa 2008 yana bayan aljihun dashbod, gefen mai zaman banza. A waɗanda suka biyo baya an mayar da shi cikin bonet. Na bodi galibi yana ƙarƙashin sitiyari. Ɗauki hoton soket-soket ɗin kafin ka taɓa. In lokacin hunturu ne, lokacin da ƙofar mota ke jan mutum in ya taɓa ta, dafa ƙarfen bodi da hannu kafin ka ɗauki akwatin, kuma kada yatsa ya taɓa ƙafafunsa. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya lalata abin da ke ciki. Kowane soket yana da maɓalli ko hannu da ake turawa ya fito da kansa. Wanda ya ƙi, ba a gano maɓallinsa ba ne, ba sukundireba yake nema ba. Ja ta jikin robar, ban da wayoyi.

Duba soket ɗin gefen mota da kyau, don shi zai ci gaba da zama. In akwai kore, a fesa masa maganin wanke soket na gwangwani, a goge da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da ruwa. Ramin da ya ruɓe a canza shi. Ɗaure sabon akwatin a mazauninsa da dukkan notinsa, kada a bar shi yana reto da igiyar roba: girgiza na tsaga dalma, kuma wasu ta jikin ƙarfensu suke fitar da zafi. Tura kowane soket miƙe har ya yi ƙas. Mayar da kan batir makulli na waje, ka ɗaure tam. Kunna makulli ba tare da tayarwa ba, ka jira minti ɗaya kana saurare kana shinshinawa. In ka ji warin ƙuna ko fiyus ya tashi, kashe nan take. Makashin yana nan.

Sai ya san makullinka

A tsofaffin motocin da makullinsu ƙarfe ne zalla, daga nan sai tayarwa. A masu ƙwaya cikin kan makulli kuwa, sabon akwatin bai san ka ba: kik zai juya, ko ta tashi ta mutu, 'yar fitilar tsaro tana ƙiftawa. Kada ka ce an sayar maka da mataccen kaya, furogiramin ya rage.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce a yi rajistarsa da na'urar da ta dace, a rubuta masa lambar shasi, a haɗa shi da makullai. Kawo dukkan makullanka, har wanda ke wajen uwargida, domin a motoci da yawa wanda bai halarta ba goge shi ake yi. Peugeot za ta nemi lambar sirri mai harafi huɗu da ke zuwa a kati tare da motar. Wata hanyar ita ce kwafe bayanai daga 'yar ƙwayar EEPROM mai ƙafa takwas ta tsohon zuwa sabon, in ruwa ko wuta ba su cinye ta ba. A Toyota da yawa da akwatin tsaronsu yake daban, ana haɗa rami na 4 da na 13 na soket ɗin sikanin da 'yar waya, a kunna makulli ba a tayar ba, a bari minti 30, a kashe, a zare wayar, a tayar. A ƙirga ramukan sau biyu, don na 16 wutar batir ce kai tsaye, kuma layinsu ɗaya da na 13.

Duk lokacin da ake rubuta wa akwati bayanai, wuta kada ta motsa. A jona caja mai riƙe wuta daidai ko wani cikakken batir, a kashe AC da fitilu, kwamfutar ta kasance da cajinta tunda ba a san lokacin da NEPA za su ɗauke ba, yara kuma su bar buɗe ƙofofi. In rubutu ya katse a tsakiya, akwatin kan zama ba shi nan ba shi can. Za a iya yi maka tayin a cire tsaron gaba ɗaya, wai ya fi araha. Zai yi aiki, amma daga ranar duk makullin da ya iya murɗawa zai tafi da motarka. Mai furogiramin da ya nemi ganin takardun mota kafin ya taɓa makulli kuwa, kada ka ji haushinsa, irinsa ake nema.

Bayan ta tashi

Bar ta a silo wajen minti goma bayan ta ɗau zafi, babu AC babu fitila, ta koyi numfashinta. Gilasan da suka daina hawa da taɓawa ɗaya, a yawancin motoci ka ɗaga su har ƙarshe ka riƙe maɓallin 'yan daƙiƙoƙi. Gwada komai da hannunka: sigina, waifa, hon, makullan ƙofa, fitilar birki. Sake auna caji. Fita da ita inda za ta sha cunkoso, kamar wajen Kantin Kwari da rana, sannan ka hau baifas ta miƙe ƙafa. Giya kan ɗan yi tauri a kwanakin farko kafin ta daidaita. Ka dawo a sake sikanin.

In ƙorafinka na asali mutuwar batir ne cikin dare, a auna abin da motar ke sha tana barci. Mita a kan amfiya 10, a jona ta tsakanin kan nagetib da wayarsa, ƙofofi a rufe, kada a kuskura a murɗa kik. Bayan rabin awa ko fiye, bai kamata ya wuce wajen miliamfiya 50 ba. In ya wuce, a riƙa zare fiyus ɗaya-ɗaya har a ga layin da ya ƙi barci.

In ruwa ne ya yi ɓarnar, a fasa magudanar gindin gilashi, a zuba bokiti guda a kai ana kallon ƙarƙashin dashbod da tocilan, a fitar da kafet ta sha rana. Tsohon akwatin kuma ka karɓi abinka, kada ka bar shi a gareji. Bayanan makullinka suna ciki, kuma in ɗan Beljiyam ɗin ya ba da matsala nan gaba, daga cikinsa za a sake kwafowa.